Kafaɗa na zamewa, ƙirji na matsewa: yadda ake gyara fatan ɗin saman riga

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Mabera, nan cikin garin Sakkwato. Tana ɗinki a gida, tana yanka da fatan na takarda wanda ta sauke a intanet ta buga. Awon ƙirjinta inci 42, ƙugu 34. Ta ce in ta bi lambar da ta yi daidai da ƙirjinta, kafaɗa sai ta zame, wuya ya buɗe, ramin hannu ya yi baki. In ta sauko lamba ɗaya ko biyu, kafaɗa ta zauna daram, amma ƙirji ya matse, gaban rigar ya ɗage sama, zif kuma ya yi tudu a baya. Tana son sanin inda gyaran yake.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Duk abubuwan nan da kika lissafa kusan ciwo ɗaya ne ya fito ta wurare daban-daban. An zana fatan ɗin ne don jikin da ƙirjinsa bai kai naki cika ba, ke kuma kina nema wa ƙirjin wuri ta hanyar ƙara girman rigar gaba ɗaya. Riga a kafaɗa take rataye. Saboda haka da kafaɗa da saman ƙirji ake zaɓen lamba, sannan a ƙara wa gaba kaɗai abin da yake buƙata, a bar baya da wuya da ramin hannu yadda suke.

Manyan kamfanonin fatan na Amurka irin su Simplicity da McCall's da Butterick suna zana nasu ne a kan macen da bambancin saman ƙirjinta da cikar ƙirjinta inci 2 ne, tsayinta kuma ƙafa 5 da inci 5 zuwa 6. Masu sayar da fatan a intanet da yawa su ma a kan wannan ma'auni suke. Duk lambar da kika hau, ba ƙirji kaɗai ke ƙaruwa ba: kafaɗa tana faɗi, wuya yana buɗewa, ramin hannu yana zurfi, baya yana faɗi. Ƙashin jikinki kuwa na lamba ƙarama ne. Shi ya sa rigar take yi miki yawa a sama alhali da ƙyar ta ishe ki a ƙirji.

Yankan da aka fi koyarwa a shagunanmu, wato a raba awon ƙirji gida huɗu a ba gaba da baya daidai wa daida, shi ma yana da wannan illa. Inci 42 a raba huɗu ya ba da 10½ kowane ɓangare. Amma mace mai cikar ƙirji gabanta ya fi bayanta faɗi, ya kuma fi shi tsawo. Sai baya ya sami rarar da ba ya buƙata, ɗinkin gefe ya janyo gaba, gaba kuma ya rasa. Ga siririyar yarinya wannan rabon yana wucewa lafiya, shi ya sa mutane suke ɗauka doka ce.

Ki fara da sake awo, kuma ki sami 'yar'uwarki mace ta gwada ki, domin mai gwada kanta sai ta sunkuya, sunkuyawar nan kuwa tana canza awon gaba da na baya. Ki sa rigar maman da za ki riƙa sawa da wannan ɗinkin, ki gyara igiyoyinta yadda kike barinsu kullum, don igiyar da ta saki tana iya saukar da tsinin ƙirji da inci guda. Ki ɗaura siririn roba ko zare a ƙugu, ki ɗan lanƙwasa dama da hagu har ya zauna inda jikinki yake karyewa. Nan ne ƙugunki, ba inda kike ɗaura zani ba. Sai a ɗauki saman ƙirji: tef ya bi ta ƙarƙashin hammata, ya ratsa baya a miƙe, ya hau sama da mama a gaba. A ɗauki cikar ƙirji a inda ya fi tudu. A ɗauki tsawon gaba daga gindin wuya a kan kafaɗa, ya bi ta tsinin ƙirji ya sauka kan robar nan, a ɗauki tsawon baya daga wannan wurin dai zuwa robar. A ƙara da nisan kafaɗa zuwa tsinin ƙirji, da nisan da ke tsakanin tsini biyun. Al'adar aika rigar awo a madadin jiki tana da dalilinta na kunya da sutura, amma ki sani rigar awo tana tafiya da duk aibinta. In wuyanta a buɗe yake, haka sabuwar za ta fito. Tunda ke ce telar kanki, ki yi aiki da jiki.

Tun da bugawa kika yi, ki duba ɗan murabba'in gwajin da ake sakawa a shafin farko, ki aza rula a kai. In an rubuta inci 2 kuma kika ga ya gaza, to mai shagon ya bar na'urar ta matse hoton don ya shiga takardar A4, kuma duk fatan ɗin ya ƙanƙance. A sake bugawa a ainihin girmansa, ɗari bisa ɗari. Ki kuma karanta ko an haɗa rarar ɗinki a ciki, wato ɗan yadin da ake bari tsakanin layin ɗinki da bakin yanka. Kamfanonin Amurkan nan suna haɗa 5/8 na inci, wato santimita 1.5, amma fatan ɗin mujallar Burda ta Jamus ba ya zuwa da rara, ke za ki ƙara. Kafin kowane gyara ki zana layin ɗinki a cikin takardar da fensir, domin a kan layin ɗinki ake lissafi, ba a bakin yanka ba.

Bari mu ɗauka saman ƙirjinki ya ba da inci 37. Ki ƙara 2, ya zama 39. Lambar da ƙirjinta yake 39, ko wadda ta fi kusa, ita ce taki. Tsakanin 39 da 42 akwai inci 3 da suka rage, kuma tunda takardar gaba rabin jiki ce, inci 1½ za ki ƙara mata. Kada ki yanka ainihin fatan ɗin. Ki kwafe shi a kan faffaɗar takarda mai ruwan ƙasa ko jaridar da aka haɗa da salatif, ki yi aikin a kan kwafin.

Kafin ƙara faɗi, ki tabbatar dat, wato naɗin nan mai tsini da ake ɗinkewa don riga ta bi tudun jiki, yana kallon inda ya kamata. Ki auna daga gindin wuya a kafaɗar takardar zuwa ƙasa gwargwadon awonki na kafaɗa zuwa tsini, ki auna daga tsakiyar gaba rabin nisan tsini biyun, ki ɗiga alama. In dat ɗin gefe yana nuni sama ko ƙasa da alamar nan, ki zana akwati ya kewaye shi, ki yanke akwatin, ki zame shi sama ko ƙasa ba tare da karkata ba, ki manne, ki cike gurbin da takarda. Ga mata da yawa, musamman waɗanda suka shayar, ƙasa ake saukar da shi, daga rabin inci zuwa inci 1½.

Yanzu babban aikin. Layi uku za ki ja. Na farko ya tashi daga ƙugu, ta tsakiyar dat ɗin ƙugu, ya hau a miƙe zuwa alamar tsini, daga nan ya karkata zuwa ramin hannu, ya same shi a wajen kashi ɗaya cikin uku daga hammata zuwa sama. Na biyu ya taso daga ɗinkin gefe, ta tsakiyar dat ɗin gefe, zuwa alamar tsini. Na uku gajere ne, a kwance, daga tsakiyar gaba zuwa layin farko, kamar inci 2 sama da ƙugu.

Ki sa almakashi a layin farko daga ƙugu, ki wuce tsini, ki tsaya daidai layin ɗinkin ramin hannu. Ki ɗan tsaga rarar ɗinkin daga waje, ki bar ɗan ƙaramin maƙale na takarda a tsakani wanda zai riƙa juyawa. Ki yanka layi na biyu daga gefe, ki tsaya dab da tsini, nan ma ki bar maƙale. Ki shimfiɗa wata takarda a ƙasa, ki manne ɓangaren tsakiyar gaba don kada ya motsa. Sai ki janyo ɓangaren gefe waje da ƙasa har tsagar da ke tsakanin tsini da ƙugu ta buɗe inci 1½. Abin lura shi ne buɗewar ta zama ɗaya tun daga tsini har ƙugu, bakunan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. In ta fi faɗi a ƙasa, kin karkatar da gefen rigar. Da kin daidaita wannan za ki ga dat ɗin gefe ya buɗe da kansa, ya ƙara girma, ɓangaren gefe kuma ya sauko ƙasa da na tsakiya. Ki yanke layi na uku gaba ɗaya, ki saukar da guntun har ƙasansa ya yi daidai da na gefe. Tsawon da gaba ya samu ke nan, yakan kai inci 1 ko fiye, kuma shi ne zai hana gaban rigarki ɗagewa. Ki manne komai.

Dubi abin da ya faru. Ramin hannu tsawonsa bai canza ba, don haka hannun rigar zai shiga yadda yake. Wuya da kafaɗa ba a taɓa su ba. Ɗinkin gefe, in an rufe dat, tsawonsa ɗaya da na baya. Rabin gaba ya tashi daga 9¾ zuwa 11¼, rabin baya yana nan a 9¾, jimilla 42, ban da saki, wato ɗan ƙarin walawa, da mai fatan ya riga ya saka. Ƙugu ne kaɗai ya sami inci 1½ da wataƙila ba kya so, sai ki mayar da shi cikin dat ɗin ƙugu. Amma ki gwada tukuna: ƙugun lamba 39 yakan gaza 34, saboda haka mai yiwuwa kina buƙatar wani abu daga cikin ƙarin nan, sauran ne kawai zai shiga dat.

Dalilin girman dat ɗin a fili yake. In kika kife ƙwarya kika rufe ta da takarda, takardar ba za ta kwanta ba sai kin naɗe bakinta, kuma iya zurfin ƙwaryar iya girman naɗin. Masu tsoron babban dat suna ƙoƙarin ƙara faɗi a gefe kawai, sai yadin da ya rasa inda zai naɗe ya je ya naɗe kansa a ramin hannu. Bakin nan da kike gani a hammata, dat ne da ba a ɗinka ba.

Ki sake zana dat ɗin gefe. Kada tsininsa ya kai kan tsinin ƙirji. Ga ƙaramin ƙirji ana tsayawa inci 1 kafin a kai, ga irin naki inci 1½ zuwa 2, in ba haka ba zai yi tsini mai muni daidai inda ba a son ido ya tsaya. Ki naɗe dat ɗin a takarda kamar an ɗinka, naɗin yana kallon ƙasa, ki yanke layin gefe yana naɗe, sannan ki buɗe. Ɗan kusurwar da zai fito a gefe kada ki datse shi, shi ne zai sa bakin dat ya shiga ɗinkin gefe. In buɗin dat ɗin ya haura inci 3, yana wuyar kwanciya a atamfa. Ki raba shi biyu ƙanana, ɗaya sama da ɗaya, ko ki rufe wani ɓangarensa ki bar shi ya buɗe a dat ɗin ƙugu.

In ba fatan ɗin saye kike amfani da shi ba, kina zana naki daga awo, hanyar ta fi sauƙi. A gwada ki daga gefe zuwa gefe ta gaba, a kuma gwada ta baya, ki ba kowanne rabin nasa. Sannan ki cire tsawon baya daga tsawon gaba. In gaba 17½ ne baya 15, bambancin 2½ shi ne buɗin dat ɗin gefe. Ki zana gaba da cikakken tsawonsa, ki kwashe bambancin a gefe ta hanyar dat, sai gefen gaba da na baya su haɗu. Ki ƙara saki inci 2 a zagayen ƙirji, inci 1 a ƙugu. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, da atamfa mai shafi wadda ba ta miƙewa ko kaɗan, rigar da aka yanka daidai jiki ba saki azaba ce, kuma zufa za ta fito a hammata kafin a kai gidan biki. Ni dai ina ganin inci 2½ bai yi yawa ba ga kayan yau da kullum.

Mai ƙaramin ƙirji da rigar ke yi wa aljihu a gaba, layukan nan uku za ta ja, sai dai maimakon buɗewa ta ɗora bakunan kan juna. Rigar firinses kuwa, mai ɗinkin da ya sauko daga ramin hannu ko kafaɗa ta kan ƙirji, ƙarin yana shiga ɓangaren gefe ne a wajen lanƙwasar, sannan a ƙara wa ɓangaren tsakiya tsawo har layukan ɗinkin biyu su yi daidai.

Kada ki kai wannan takarda kan turmin atamfarki kai tsaye. Ki sayi yadi ɗaya da rabi na akoko ko alawayyo a kasuwa, ko ki farke tsohon zani mai nauyi irin na kayan da za ki ɗinka, ki yi rigar gwaji. Saman kawai, da dogon ɗinki mai sauƙin farkewa, ki sa zif na gaske, ki bar inci 1 a gefe da kafaɗa. Ki ja layi da alli a kwance a kan ƙirji da wani a tsakiyar baya. In kin sa rigar, layukan nan su tsaya a kwance. Inda layi ya ɗaga sama, wurin yana neman tsawo.

Tattarar da ke jikin rigar gwaji tana gaya miki ciwonta. Layuka a kwance masu tauri, wurin ya matse. Naɗi a kwance mai laushi, tsawo ya yi yawa. Naɗi a tsaye, faɗi ya yi yawa. Layi a karkace kuwa yana nuni ne zuwa inda ake neman wuri. Ki fara gyara daga sama ki sauko, kuma abu ɗaya a lokaci guda, domin gyaran kafaɗa yana motsa duk abin da ke ƙasa da ita. Wadda ta fara da matse ƙugu, in ta dawo ta ɗaga kafaɗa sai ta tarar ƙugun ya bar wurinsa.

A kafaɗa, in kin ga layi a karkace daga wuya zuwa hammata, kafaɗarki ta fi ta fatan gangara. Ki kama kwatan inci zuwa rabin inci a ƙarshen kafaɗa, ya tafi ya ɓace a wuya, gaba da baya, sannan ki saukar da hammata da daidai wannan adadin don ramin hannu ya riƙe girmansa. In naɗi ne a kwance a bayan wuya, kafaɗarki a miƙe take, sai ki yi akasin haka. In wuya har yanzu yana ɗan buɗewa, ki tsunkule rarar da fil, ki auna, ki rufe wannan adadin a takarda daga wuya zuwa tsini, ki bar shi ya buɗe a dat ɗin gefe. Haka ake yi wa ragowar bakin ramin hannu. Wani buɗewar wuyan ma ba na fatan ba ne: lanƙwasar wuya tana miƙewa a hannu yayin ɗinki da guga. Da kin yanka, ki bi bakin wuyan da layin ɗinki guda, ɗan ciki kaɗan da rara, daga kafaɗa zuwa tsakiya, kafin ki taɓa komai.

Akwai kuskuren da ya yaɗu sosai game da ramin hannu. In mace ta ce ba ta iya ɗaga hannu, sai tela ya ƙara zurfafa hammata, abin kuma ya ƙara lalacewa, domin ramin da ya yi ƙasa yana ɗaure hannun riga da jikin riga, duk ɗagawa sai rigar ta biyo. Hammatar riga mai hannu ta tsaya kamar inci 1 ƙasa da hammatar jiki. In hannu yana matsewa, a duba faɗin baya tsakanin allunan kafaɗa da faɗin damtse. Damtse yana son saki inci 1½ zuwa 2. Ki gwada da abin da za ki yi a cikin rigar: ki ɗaga hannu kamar mai kabbara, ki yi ruku'u, ki kai hannu ƙeya kamar mai ɗaurin kallabi, ki zauna a tabarma.

Tudun zif yana da asali biyu. Na farko, tsakiyar bayan rigar ta fi bayanki tsawo, abin da ake yawan gani ga mai lanƙwasar baya da cikar mazaunai. Zif ba ya tattarewa kamar yadi, sai ya turo waje. Ki sa a tsunkule miki naɗi a kwance sama kaɗan da ƙugu, ya fi zurfi a tsakiya, ya ɓace a gefe. Yawanci rabin inci zuwa inci 1 ake cirewa. Ki mayar da shi kan takarda, ki gyara layin tsakiyar baya, ki ɗan shigar da shi ciki da rabin inci a ƙugu maimakon barinsa a miƙe kamar sanda. Asali na biyu wajen ɗinki ne, ana jan yadi ana tura zif. Ki manna siririn gam, wato ƙyallen nan da ake mannawa da guga don ya ƙarfafa yadi, a rarar zif ɗin kafin ki ɗora, ki kafe da fil ko ɗinkin hannu, ki ɗinka ɓangarorin biyu daga sama zuwa ƙasa.

Dat mai kyau a takarda yana iya lalacewa a keke. Ki fara daga faɗin ki nufi tsini, ɗinki uku ko huɗu na ƙarshe su bi bakin naɗin, kada ki koma da baya a tsini, ki bar zare ki ƙulla da hannu. Ki goge shi a kan tawul da aka dunƙule, ba a kan shimfiɗaɗɗen tebur ba, don kada ki kashe tudun da kika gina. Dat ɗin gefe ya kwanta ƙasa, na ƙugu ya kalli tsakiya. In shadda ce ki ɗora ƙyalle tsakaninta da dutsen guga.

Yadi ma yana da nasa hali. Atamfa auduga ce, tana iya ɗan tsukewa a wankin farko, kuma taurin da take zuwa da shi daga kasuwa yana ɓoye yadda za ta kwanta a jiki, don haka ki jiƙa ta, ta bushe a inuwa, ki goge, sannan ki yanka, haka shafin. Leshi mai raga yana ɗan miƙewa, saboda haka shafinsa ne ke riƙe siffar rigar, kuma da fatan ɗin da kika gyara za ki yanka shafin, ba da tsohon ba. Mai shayarwa ta bar rarar inci 1½ a gefe, tunda awonta zai canza cikin 'yan watanni.

In rigar gwaji ta biyu ta zauna, ki aza layukan ɗinkin takardun kan juna, kafaɗar gaba da ta baya, gefe da gefe, ki tabbatar tsawonsu ɗaya. Sai ki kwafe su a kan kwali, ki huda alamar tsini da bakunan dat, ki rubuta awonki da kwanan wata da ko akwai rarar ɗinki a ciki. Da wannan kwalin za ki fitar da saman doguwar riga da na riga da siket, ki canza wuya da hannu yadda kike so. In awon ƙirjinki ko na ƙugu ya motsa da fiye da inci 1, ki sake ɗinka rigar gwaji kafin ki yanka kayan Sallah.